Amrish Puri: Bos ɗin da Ya Fi Iya Fitowa a Uba

Jirgin ƙasa ya fara motsi. Raj, wato Shah Rukh Khan, yana tsaye a ƙofar tarago jina-jina bayan dukan da ya sha. Simran, wato Kajol, ta yunƙura za ta bi shi, sai aka cafke wuyan hannunta. Mahaifinta ne, Chaudhary Baldev Singh, idanu a waje, fuska kamar hadarin gabas. Tana kuka tana magiya, shi kuwa saurayin ya ƙura wa ido. Can sai yatsun suka saki. Ya ce ta tafi ta yi rayuwarta, babu wanda zai so ta kamar yaron nan.

Haka Dilwale Dulhania Le Jayenge ya ƙare, fim ɗin da ya fito a watan Oktoba na 1995, kuma da wuya a sami mai kallon fim ɗin Indiya da bai haddace wannan wuri ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya sa cikin mutum ke ɗurar ruwa a wannan ɗan tsakanin, alhali kowa ya san irin wannan fim ba ya ƙarewa sai masoya sun haɗu? Amsar tana ga mai hannun. A watan Janairun 1995 ɗin aka ga wannan mutumin a Karan Arjun, yana Thakur Durjan Singh, ya sa an yi wa 'yan'uwa biyu kisan gilla, kuma ɗaya daga cikinsu Shah Rukh Khan ɗin ne. Kafin nan ya shafe shekara goma sha biyar yana ƙona gidaje, yana sace 'yan mata, yana sayen alƙalai a majigi. Darakta Aditya Chopra, wanda wannan ne fim ɗinsa na farko, bai sa Baldev Singh ya kashe kowa ba. Ya dai ɗauko Amrish Puri ya tsayar a tasha, tsoron da 'yan kallo suka daɗe suna tarawa ya ƙarasa sauran aikin.

Fim ɗin Indiya na kasuwa yana da tsari irin na gidan sarauta, kowa da mazauninsa. Akwai jarumi, akwai jaruma, akwai mai barkwanci, akwai uwa mai hawaye, akwai uba, sai kuma wanda Bahaushe tun zamanin silimar Plaza da Orion da Eldorado a Kano ya raɗa wa suna bos. Jarumi da sunansa ake sayar da fim, don haka ba a so ya canza sosai, yadda aka san shi haka ake so a gan shi. Masu rufa masa baya su ne ke da 'yancin sauya kama, amma a aikace su ma akan ɗaure su a turke ɗaya. Kanhaiyalal ya yi Sukhilala mai ba da bashi da ruwa a Mother India na 1957, ya zama kamar tambarinsa. Amjad Khan ya yi Gabbar Singh a Sholay na 1975, har ya bar duniya inuwar Gabbar na biye da shi. Pran ne ya nuna ana iya tsallakewa: bayan shekaru yana mugunta, ya fito a gurgun tsohon kirki a Upkar na 1967, sannan Sher Khan a Zanjeer na 1973. Sai dai shi Pran hijira ya yi daga wannan unguwa zuwa waccan. Amrish Puri gida biyu ya riƙe lokaci guda, yana kwana a wannan yana wuni a wancan.

Bai shigo da wuri ba. An haife shi ranar 22 ga Yuni 1932 a Nawanshahr da ke Punjab. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga fim, kuma fitaccen mawaƙin nan K. L. Saigal ɗan'uwansu ne. Da ya bi sawunsu zuwa Bombai a shekarun 1950, aka gwada shi a gaban kyamara aka ce bai yi ba. Sai ya kama aikin gwamnati a hukumar inshorar ma'aikata, ya yi kusan shekara ashirin yana zaman ofis da rana, da yamma ya tafi wasan daɓe. A can ya faɗa hannun Satyadev Dubey, darakta mai tsanani, ya kuma yi wasannin marubuta irin su Girish Karnad da Vijay Tendulkar. A 1979 aka ba shi lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi, wadda ke cikin manyan karramawar da ake yi wa masu wasan daɓe a Indiya. Lokacin da ya fara bayyana a finafinai irin su Prem Pujari na 1970 da Reshma Aur Shera na 1971, ya doshi shekara arba'in. Shekarun jarumta sun wuce shi. Abin da ya rage masa shi ne murya mai fitowa kamar daga cikin rijiya, da idanu, da kuma horon mutumin da ya saba sai na kujerar ƙarshe ya ji shi ba tare da lasifika ba.

Mafi yawan masu kallonsa a ƙasar Hausa ba su san Amrish Puri na farko ba, domin finafinan da ya yi suna a cikinsu ba irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa silima ba ne. Babu rawa, babu faɗan mutum ɗaya da ashirin. Shyam Benegal na cikin waɗanda suka fara gane abin da ke jikinsa. A Nishant na 1975 ya ba shi babban wa a gidan masu gonaki na wani ƙauye a Telangana, inda ƙannensa suka sace matar malamin makaranta, Shabana Azmi, gari kuma ya yi tsit. Wanda ya saba da bos mai ƙaraji zai yi mamaki. Mutumin nan ba ya ɗaga murya, don ba ya bukata. Yana zaune ana yi masa hidima, talakawa na durƙusawa, ya jefa kalma ɗaya ko biyu. Zaluncin a wurinsa kamar gadon gona ne, bai ma san sunansa zalunci ba.

A Manthan na 1976, fim ɗin da manoma dubu 500 na Gujarat suka haɗa rufi bibbiyu aka shirya shi, ya fito a Mishra, mai kamfanin madara da ke sayen nonon talakawa da arha, yana ba su bashi don kada su kuɓuce masa. Murmushi ne makaminsa. A Bhumika na 1977 ya zama Vinayak Kale, attajiri mai natsuwa wanda ya ɗauke 'yar fim, Smita Patil, ya kai ta gidansa ya ba ta komai, sai dai ƙofar fita. A Aakrosh na Govind Nihalani, 1980, ya zama Dusane, lauyan gwamnati wanda shi kansa daga cikin ƙabilun da ake dannewa ya fito, ya yi karatu ya haye, yanzu kuma shi ke gurfanar da ɗan'uwansa talaka. Mutum huɗu ke nan, babu wanda ya yi kama da wani a tafiya ko a magana, amma abu ɗaya ya haɗa su: kowanne yana da iko a kan wasu, kuma yana ganin haƙƙinsa ne.

Daga 1980 kasuwa ta buɗe. Hum Paanch ya ba shi babban bos na farko, Subhash Ghai ya ɗauke shi a Vidhaata na 1982 da Hero na 1983, daga nan sai abin ya zama ruwan dare. Turawa ma suka leƙo. Richard Attenborough ya ba shi ɗan ƙaramin matsayi a Gandhi na 1982, inda ya fito a Khan, ɗaya daga cikin masu mara wa Gandhi baya a Afirka ta Kudu. Sannan Steven Spielberg ya sa shi a Mola Ram, shugaban matsafa mai ciro zuciyar mutum da hannu, a Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984. Gwamnatin Indiya ba ta yarda a ɗauki fim ɗin a ƙasarta ba saboda yadda labarin ya siffanta Indiyawa, sai aka koma Sri Lanka, kuma wanda ya kalli wurin cin abincin nan na ƙwaƙwalwar biri zai gane dalilin ƙin. Mola Ram dodo ne kawai, ba shi da ciki ba shi da baya. Ribar da Puri ya ci a fim ɗin ita ce aski. Ya yi ƙwal-kwabo saboda rol ɗin, ya ga ya karɓe shi, ya bar kansa haka. Wannan sanƙon ya zama kamar allo wankakke, duk gashin da darakta ya ga dama sai ya ɗora.

Aka kuwa ɗora. A Nagina na 1986 ya zama Bhairo Nath, gardi kuma boka, da baƙaƙen kaya da jerin duwatsu a wuya, yana busa wa Sridevi algaitar masu maciji don ta koma siffarta ta asali. Shekara guda bayan nan Shekhar Kapur ya yi Mr. India, aka haifi Mogambo.

Mogambo ne sunan da ya bi shi har kabari, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Gashi ruwan zinare, riga baƙa mai ado irin ta janar ɗin da ya naɗa kansa, zobba a yatsu yana ƙwanƙwasa su a hannun kujera, tsibiri na kansa, makamai masu linzami a saite da Indiya. A farkon fim ya umarci sojojinsa su faɗa ramin ruwan guba don kawai a ga biyayyarsu, suka faɗa. Duk wannan a takarda shirme ne na littafin yara, kuma Puri ya san haka. Dabararsa ita ce bai yi wa rol ɗin dariya ba, bai kuma ɗauke shi da nauyin Nishant ba. Ya tsaya a tsakiya, inda yaro zai ji tsoro babba kuma ya yi murmushi. Jimlar nan tasa guda ɗaya, cewa Mogambo ya ji daɗi, ya maimaita ta sau da dama, kuma kowane karo da irin sautinsa: wani lokaci kamar kyanwar da ta ƙoshi, wani lokaci kamar gargaɗi. Aikin ɗan wasan daɓe ne tsantsa. Amma in ana maganar rol mafi kyau, Mogambo ba ya cikin ukun farko. Mutum ne da bai taɓa rasa komai ba sai a minti biyar na ƙarshe, ɗan wasa kuwa ba ya nuna iyakar gwanintarsa sai an ba shi abin da zai rasa.

Lauyoyinsa biyu sun fi Mogambo nama a jiki. A Meri Jung na 1985 ya yi G. D. Thakral, wanda ya sa aka rataye mutumin da ya san ba shi da laifi don kawai kada a ce ya faɗi shari'a, kuma wannan ne ya kawo masa kyautar Filmfare ta farko ta mataimakin jarumi. A Damini na 1993 ya dawo kotu a matsayin Chaddha, mai kare 'ya'yan masu kuɗi da suka yi wa 'yar aiki fyaɗe. A nan ya ƙirƙiro wata 'yar ɗabi'a: wani silin gashi na faɗo masa a goshi, sai ya fizge kai ya mayar da shi, musamman in ya jefa wa mai shaida tambayar cin mutunci. Ana tuna Damini da ƙarajin Sunny Deol a kan yadda kotu ke ta ɗage shari'a, amma ƙarajin bai yi tasiri ba sai da aka sami wanda ya cancanci a yi masa shi.

Dole a faɗi gaskiya, a cikin finafinai sama da 400 da ya yi, da yawa aikin neman tuwo ne. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 akwai Thakur da Rai da Singh masu yawan gaske da ba a iya bambanta su sai da kalar gashin baki. Zare ido ɗaya ne, dariya ɗaya ce, mutuwa ɗaya ce a hannun jarumi. Ya yi irinsu har a harsunan kudancin Indiya, Telugu da Tamil da Kannada, ciki har da Thalapathi na Mani Ratnam a 1991 tare da Rajinikanth. Masana'antar ce ke neman kaya iri ɗaya, shi kuma bai ƙi sayarwa ba.

Inda ya ajiye ainihin gwanintarsa shi ne wurin iyaye maza, kuma ya fara tun kafin Mogambo. A Ardh Satya na 1983 ya fito a mahaifin Om Puri (sunan ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne). Ɗan sandan ƙauye ne mai dukan matarsa, wanda ya tilasta wa ɗansa mai son karatu shiga aikin ɗan sanda. Fitowarsa kaɗan ce, amma duk fushin da ke cin ɗan har ya kai shi ga kisa, daga wannan gida ya taso. Nan uba da bos mutum ɗaya ne.

Shekara goma bayan haka Priyadarshan ya juya hoton. Gardish na 1993, wanda aka ɗauko daga fim ɗin Malayalam mai suna Kireedam, ya ba shi Purushottam Sathe, ƙaramin ɗan sanda mai gaskiya da iyali da albashin da ba ya kai wata. Burinsa ɗaya a duniya: ɗansa Shiva, Jackie Shroff, ya zama sufeto, shi kuma ya ƙame ya sara masa. Aka yi masa canjin wurin aiki zuwa unguwar da wani ɗan daba, Billa Jilani, ke mulki. Wata rana Shiva ya tarar ana dukan mahaifinsa a kasuwa, ya shiga ya yi wa ɗan daban jina-jina. Shi ke nan. Unguwa ta naɗa shi sabon dodo ba da sonsa ba, 'yan kasuwa suka fara jin tsoronsa, wasu suka fara karɓar kuɗi da sunansa, uban yana kallo burin shekara ashirin na narkewa.

A kalli jikin Puri a wannan fim. Mutumin da aka saba gani ya cika allo, ga shi kafaɗa a sauke, kaki ya ɗan yi masa yawa, yana cire hula in zai yi magana da na gaba da shi. Muryar tana nan, amma ta koma ciki, sai ta taso ta maƙale a wuya. Ba ya yi wa ɗan kuka a gabansa, faɗa yake yi masa, kuma a cikin faɗan ake jin kukan. A ƙarshe, bayan Shiva ya kashe Billa, uban ne da bakinsa ya shaida cewa ɗansa bai cancanci aikin ɗan sanda ba. Duk magidancin da ya taɓa ɗora rayuwarsa kacokan a kan karatun ɗa guda zai gane wannan fuska. A ra'ayin mai wannan nazari, Purushottam Sathe ne rol mafi kyau da Amrish Puri ya taɓa yi, ko da yake ba shi ya kawo masa kyauta ba.

Wanda ya kawo kyautar shi ne Ghatak na Rajkumar Santoshi, 1996. Santoshi ɗin da ya sa shi Balwant Rai a Ghayal na 1990 da Chaddha a Damini, inda a duka biyun Sunny Deol ke farautarsa, shi ne ya mayar da shi uban riƙon Sunny Deol. Shambhu Nath tsohon ɗan gwagwarmayar neman 'yancin kai ne daga Banaras, an kawo shi Bombai neman maganin ciwon maƙogwaro, aka gano kansa ce. A unguwar da suka sauka, wani azzalumi Katya, Danny Denzongpa, ya mayar da mutane bayi. Wurin da ba a mantawa shi ne inda Katya ya sa wa tsohon igiyar kare a wuya a bainar jama'a. Santoshi ya san abin da yake yi. Da wani tsoho mai fuskar tausayi aka sa, da an ji tausayi kawai. Amma Mogambo ne a durƙushe, mutumin da shekara da shekaru shi ke riƙe da igiyar, kuma ciwon da aka zaɓa masa a maƙogwaro yake, daidai inda ƙarfinsa yake. Abin ya zo da wani irin nauyi da rubutu kaɗai ba zai ba shi ba.

Shekarar 1997 ita kaɗai ta isa misali. A Koyla ya yi Raja Saab, tsoho mai kwaɗayin yarinya, wanda ya aika hoton bawansa bebe don a ba shi aurenta. A Pardes ya yi Kishorilal, attajirin Amurka mai begen gida. A Virasat, wanda aka ɗauko daga Thevar Magan na Tamil, ya gaji rol ɗin da babban ɗan wasa Sivaji Ganesan ya yi, na dattijon gari wanda ɗansa, Anil Kapoor, ya dawo daga Landan da budurwa da shirin buɗe gidajen abinci a birni. Dattijon ya mutu a tsakiyar fim, amma sauran rabin duk a inuwarsa aka yi shi, kuma ya karɓi Filmfare ta uku, shekara biyu a jere ke nan. Kafin shekarar ta fita sai ga Chachi 420, inda ya zama attajiri gwauro da ya kamu da son tsohuwar mai rainon jikarsa, bai san surukinsa ba ne Kamal Haasan ya yi shigar mata. Mutumin da ya ciro zuciya da hannu, ga shi yana sunne kai yana kinkina gaban tsohuwa. Barkwancin ya yi armashi ne saboda bai sassauta kwarjininsa ko kaɗan ba, da dukkan girman nan nasa ya faɗa rami.

Masu shirya fim a Kano, waɗanda suka ari abubuwa da dama daga Bombai, sun ari wannan rabon aiki ma: akwai waɗanda aka sani da fitowa a bos, irin su Shu'aibu Lawan Kumurci, akwai waɗanda aka sani da fitowa a uba, irin su Tahir Fagge. Abin da ba a cika gwadawa ba shi ne a ɗauko mai wannan kujera a zaunar a waccan, a ci ribar abin da 'yan kallo suka riga suka sani game da fuskarsa.

A talbijin, aikinsa da ya fi tsayawa a rai shi ne Tamas, wanda Govind Nihalani ya shirya daga littafin Bhisham Sahni, gidan talbijin na Doordarshan ya nuna shi kashi-kashi a 1988. Labarin rikicin raba Indiya da Fakistan ne a 1947. Ya fara da wani talaka majemi, Om Puri, da aka biya ya kashe alade ba tare da ya san dalili ba, washegari aka tsinci mushen a ƙofar masallaci, gari ya kama da wuta. An kai ƙara don a hana nuna shi, magana ta je har Kotun Ƙoli, kotu ta ce a ci gaba. Puri ya fito a Teja Singh, dattijon mabiya addinin Sikh da suka taru a wurin ibadarsu a wani ƙauye suna jiran hari. Yana tsaye da rawani da gemu yana zuga jama'a da tarihin kakanni, murya na cika ɗakin, kuma mai kallo ba zai iya cewa ga jarumi ko ga mai ingiza mutane ga halaka ba. Bayan nan ne matan suka jeru suka faɗa rijiya da 'ya'yansu. Amrish Puri kansa ɗan Punjab ne, yana da shekara goma sha biyar lokacin da abin ya faru.

Ya sake komawa 1947 a Gadar na 2001, amma ta ƙofar kasuwa. Ashraf Ali, magajin garin Lahore, uba ne da ke son raba 'yarsa da mijinta direban babbar mota, kuma fim ɗin ya fi damuwa da Sunny Deol na tumɓuke famfon burtsatse fiye da zurfin kowa. A 2001 ɗin kuma ya yi Nayak, inda ya zama babban ministan jiha, Balraj Chauhan. Hirar talbijin da Anil Kapoor ya titsiye shi a cikinta darasi ce a kan yadda fuska ke rushewa a hankali: ya shigo da murmushin ɗan siyasa, aka kunna masa faifan muryarsa yana hana 'yan sanda kwantar da tarzoma, murmushin ya daskare, gumi ya keto, har ya fusata ya ce wa yaron ya zo ya riƙe kujerar kwana ɗaya ya gani.

Akwai wata asara da ke tattare da kallonsa a yau. Yawancin matasa sun san shi ne ta finafinan da aka fassara da Hausa, irin na su Algaita, kuma fassarar ta kusantar da labari ga wanda ba ya jin Indiyanci. Amma rabin Amrish Puri a maƙogwaronsa yake. Inda yake jan wasali, inda yake yin shiru kafin kalmar ƙarshe, inda yake sauke murya har sai an kasa kunne, duk wannan ba ya tsallake fassara. Tsofaffin da suka kalle shi a silima ba su jin ko kalma goma ta Hindi, amma sun ji wannan.

Ya yi aiki har ƙarshe, yana fama da ciwon jini. A 2004 kaɗai ya fito a Aitraaz da Hulchul da Mujhse Shaadi Karogi da Dev. Ya rasu a Mumbai, wato Bombai, ranar 12 ga Janairu 2005 yana da shekara 72, kwanaki kaɗan kafin fitowar Kisna na Subhash Ghai, wanda yake ciki.

Baldev Singh dai ya fi sauran daɗewa a allo. Kuma in aka sake kallon fim ɗin da idon mai neman uban, za a ga yadda aka gina shi da ƙananan abubuwa. Mai ɗan kanti ne a Landan. Haushin da yake ji na Raj ya samo asali ne daga wani dare da ya rufe kanti, yaron ya yi masa ƙaryar neman maganin ciwon kai, ya buɗe, ashe giya yake so. Alkawari ya ɗauka wa amininsa tun Simran na jaririya, kuma a ganinsa mutumin da ya bar ƙasarsa shekara ashirin ba abin da ya rage masa sai maganarsa. Shi ne kuma wanda a gidan biki ya ba kowa mamaki, ya rera wa matarsa, Farida Jalal, wata tsohuwar waƙa ta fim ɗin Waqt. Silimar Maratha Mandir da ke Mumbai ta shafe sama da shekara 25 tana nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge kullum da hantsi. Mutane na zuwa ne don Shah Rukh Khan da Kajol, amma in fitila ta mutu, wanda ke fara bayyana shi ne dattijon nan, da sanyin safiya a dandalin Trafalgar, yana watsa wa tattabaru hatsi yana kiransu, muryarsa na ba da labarin gonakin Punjab.